Kada a sake rufe Kaduna saboda wanda ya ƙi allura

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wannan wata na Disambar 2021, na je aski a Tudun Wada, na tarar shagon a cike, hira ta yi zafi kan sabon nau'in korona da ake kira Omicron. Wani ya ce ya ji ƙishin-ƙishin za a sake kulle gari bayan Kirsimeti. Sai wani magidanci da zai girme ni ya buga cinya ya ce, "Wallahi in suka sake rufe mu, sai dai su fito su harbe mu a titi. Yunwa ta fi korona." Duk muka gyaɗa kai, har da ni.

Bai rufe baki ba ya ƙara da cewa shi kam allurar rigakafin koronar nan ko da kuɗi aka haɗa masa ba zai miƙa hannu ba. Mai askin ya ce, "To Alhaji, ba kai ke shirin Umara da azumi ba? Ai Saudiyya sai da kati." Alhaji ya yi murmushi, ya zaro kati daga aljihun gaba ya ɗaga mana. Ga sunansa, ga hatimi, ga kwanan wata har biyu. Ya ce wani yaro ne ya yi masa, shi ko allurar bai gani da idonsa ba.

Tun ranar abin yake cina. Mutum ɗaya, a zama ɗaya, ya ƙi kulle, ya ƙi allura, sannan ya sayi shaidar ƙarya da zai shiga cikin jama'a da ita.

Ra'ayina shi ne kada gwamnati ta sake rufe Kaduna. Allura ta iso, kyauta ake yi, kuma wanda ya ƙi ta kada a danne shi a yi masa. Amma ya sani cewa kaya ya ɗauka, kuma shi zai kai su gida. Ba mai sayar da tumatur a Kasuwar Barci za a hana fita nema don a kāre shi daga abin da ya zaɓa da kansa ba.

Mun riga mun biya kuɗin kulle

Mu 'yan Kaduna ba labari aka ba mu ba. Daga 26 ga Maris 2020 aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, ba a ɗage ta ba sai 10 ga Yuni. Kwana 75. Azumi ya zo ya wuce babu asham a masallaci, babu zaman tafsiri, Sallah ta zo babu idi, 'yan'uwanmu Kirista suka yi Ista a cikin ɗaki. Aka rufe Kasuwar Sheikh Gumi, aka maida filayen makarantu kasuwannin wucin gadi, kwana biyu a mako kowa ya fito ya sayi abin da zai ci. Wanda ya ga cunkoson waɗannan ranaku ya san babu wata tazara da aka bayar.

Ni malami ne a makaranta mai zaman kanta. Ranar da aka rufe makarantu, ranar albashina ya tsaya, don mai makaranta daga kuɗin ɗalibai yake biyanmu. Sai da na sayar da babur ɗina. Maƙwabcina direban keke ne, da an hana hawa sai ga shi yana bin gida-gida yana neman wankin kaya. Akwai tela a layinmu da kakar ɗinkin Sallah ita ce jarinsa na shekara, ta wuce shi yana zaune. Ma'aikacin gwamnati da albashinsa ke shiga asusu ƙarshen wata zai iya cewa zaman gida ceton rai ne. Mai ƙosai da sai ta fita take samun na tuwon dare, ita zaman gida wata cutar ce daban.

Ga kuma abin da ya faru a tituna. A tsakiyar Afrilun 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonnin farko na kulle, adadin da ya zarce wanda cutar kanta ta kashe a ƙasar a lokacin, kuma mafi yawansu a jihar nan ne. Kayan tallafin da aka yi ta shela kuwa, da yawanmu ba mu gan su ba sai a watan Oktoba, ranar da jama'a suka fasa rumbuna a garuruwa daban-daban.

Duk da haka ban ce kullen farko kuskure ba ne. A lokacin babu allura, wuraren gwaji ba su taka kara sun karya ba, likitoci ba su gama gane cutar ba, gwamnan lokacin Nasiru El-Rufai kansa ya kamu a ƙarshen Maris, sai mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe ce ta riƙe ragamar yaƙin. Wanda gobara ta tashi masa cikin dare, abin da hannunsa ya taɓa da shi yake kashe wuta. Amma yau ba a wannan daren muke ba. A ranar 2 ga Maris 2021 allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ta sauka Abuja ta hanyar COVAX, shirin raba allurar ga ƙasashen duniya, bayanta Moderna da Johnson & Johnson da Pfizer suka biyo. Zuwa ƙarshen 2021, a cikin garin Kaduna babu unguwar da mutum zai ce ya nemi inda ake yi ya rasa. Ni a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu aka yi mini, ban yi minti 30 ba. Hannu ya yi tsami, zazzaɓi ya kwana da ni dare ɗaya, na sha farasitamol, washegari na shiga aji.

Da makami a hannu, sake rufe gari hukunta wanda bai ji ba bai gani ba ne.

"Jikina ne, raina ne"

Wannan ita ce maganar da aka fi yi mini, kuma rabinta gaskiya ce. Jikinka ne. Shi ya sa ban yarda a tare mutum a shingen bincike a soka masa allura ba.

Sai dai ka duba yadda muke zaune. Gidan haya a Unguwar Sanusi ko Rigasa, ɗaki goma sha, rijiya ɗaya, banɗaki biyu. Keke ɗaya mutum huɗu a baya, gwiwa na gugar gwiwa. Sahun sallah kafaɗa da kafaɗa. Buta ɗaya, kwano ɗaya, moɗa ɗaya a bakin randa. A irin wannan zama tarin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Kai matashi mai jini a jika za ka yi murar kwana uku ka miƙe. Tsohuwar da kake shiga gaisarwa kowace safiya, mai hawan jini da ciwon suga, ita ce za a kwasa zuwa asibiti ana neman iskar oksijin.

Za a ce ai wanda aka yi wa allurar ma yana kamuwa, yana kuma iya shafa wa wani. Haka ne, musamman da wannan sabon nau'in, kuma bai kamata jami'an lafiya su ɓoye hakan ba. Babban aikin allurar shi ne ta hana cutar kai mutum ga gadon asibiti ko kushewa. To gadon nan fa namu ne mu duka. Gadajen da ke da oksijin a jihar nan ƙidayayyu ne, likitocinmu kullum raguwa suke, wasu sun tafi Saudiyya wasu Ingila. Gadon da mai ƙin allura ya kwanta a kai, shi ne wanda mai naƙuda da jini ya ɓalle wa take jira, shi ne wanda aka kwaso daga haɗari a hanyar Zariya yake jira.

Saboda haka idan na ce wanda ya ƙi ya ɗauki nauyin ƙinsa, ga abin da nake nufi. In mura da zazzaɓi suka kama ka a hunturun nan, ka zauna a gida, kada ka je ɗaurin aure, kada ka shiga ɗakin mai jego, ka yi sallarka a ɗaki na 'yan kwanaki. In dole ta fitar da kai, ka sa takunkumi. In an ce ka yi gwaji, ka yi. In wata ƙasa ko wani wurin aiki ya ce sai mai kati, ka haƙura da tafiyar, tunda wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sannan ka bar matarka da mahaifiyarka su yanke wa kansu shawara. Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, don na san gidajen da matar take so a yi mata, maigida ya rantse in ta fita kada ta dawo. Mutumin da ke cewa jikinsa ne, ba shi da bakin hana wata iko da nata jikin a kan maganar lafiya.

Tsoron yana da tushe, na yarda

Ba na cikin masu kiran mai ƙin allura jahili. Ruwa ba ya tsami banza.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yanzu a zo a ce wa dattijon da ya ga wannan da idonsa ya miƙa hannu ga allura mai ɗauke da sunan kamfanin nan, ai dole gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Sai kuma abin da manyan ƙasashe suka yi. Suka saye allurai suka tara, suka yi wa mutanensu sau biyu har sau uku, sannan suka turo mana ragowar da ta kusa lalacewa. A Disambar 2021 ne hukumar kula da lafiya a matakin farko, ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, ta lalata allura sama da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare. A farkon Disambar kuma Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da aka toshe wa hanya saboda Omicron, alhali cutar ta fi yawa a can. Mutum yana ganin wannan ya ji an raina shi, kuma yana da gaskiya.

Amma mu ƙarasa labarin, kada mu tsaya a inda ya yi mana daɗi. A 2003 aka ce allurar shan-inna tana hana haihuwa. Aka dakatar da ita a wasu jihohin Arewa, Kano ta kai kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 aka dawo da ita bayan an samo wadda aka yi a Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Wa ya biya? Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru, waɗanda yau samari ne, wasunsu muna ganinsu a kan keken guragu a bakin danja. Ba su suka ƙi ba, ƙi musu aka yi. Su kuma 'yan matan da aka ɗiga wa maganin a baki, yau ga su da goyo a baya. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka koma karɓa, a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ake jira.

Yau ga maganar hana haihuwar ta dawo, kalma da kalma, an ƙara mata da cewa cokali yana mannewa a hannun wanda aka yi wa, da cewa duk wanda ya karɓa ba zai wuce shekara biyu ba. Illa ta gaskiya akwai: an samu daskarewar jini ga wasu ƙalilan ƙwarai da aka yi wa AstraZeneca, har wasu ƙasashen Turai suka dakata na ɗan lokaci a watan Maris na 2021 suka bincika. Su da kansu suka faɗa, ba a ɓoye ba. Wanda yake da wata lalura ya je ya tambayi likita. Amma saƙon murya na WhatsApp da ba ka san wanda ya yi shi ba, ka tura wa zauren dangi mai mutum ɗari, in wata tsohuwa ta fasa zuwa saboda shi, kana da kamasho a abin da ya same ta.

"Ina gawarwakin?"

Alhajin shagon aski ya yi wannan tambayar, kuma ana yawan yinta. Gaskiya ne Allah ya yi mana sauƙi, abin da ya faru a Italiya da Indiya da Amurka bai faru a nan ba. Alƙaluman hukuma sun tsaya a wajen mutum 3,000 a duk ƙasar. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe ninkin-ba-ninkin haka kowace shekara, ba a taɓa rufe kasuwa dominsa ba. Wannan ma hujja ce a kan kada a sake kulle.

Amma mu ba ma ƙidaya mamatanmu. A rasu da asuba, a kai kafin azahar, a ce gajeriyar rashin lafiya ce. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano suka gaji, manyan malamai da farfesoshi da dattawa suka yi ta tafiya a jere. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙidaya mutum 979, kuma rabi ko fiye da rabi suna da alaƙa da korona. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, shi ma a Afrilun 2020 ya rasu. Cutar tsofaffi take ɗauka, shi ya sa matashi yake ganin kamar babu ita.

Masu cewa tawakkali kuwa, ba ni da ilimin da zan yi jayayya da malamai, abin da kowa ya ji a wa'azi kawai zan tuna. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma alhazanmu shekara da shekaru suna karɓar allurar sanƙarau da ta shawara kafin su hau jirgi, ban taɓa jin wanda ya fasa Hajji saboda su ba.

Tilas da katin bogi

Gwamnatin jiha ta ce daga 31 ga Oktoban 2021 ma'aikaci sai da shaidar allura zai shiga ofis, ta tarayya ta sa tata dokar daga 1 ga Disambar 2021, da zaɓin kawo sakamakon gwaji. Na san wasu da wannan ya sa suka je aka yi musu, suka dawo suna cewa ashe ba komai. Amma ina tsoron tilas a ƙasar da kusan kowace takarda tana da kasuwar bayan fage. Ka matsa wa mutum ba tare da ka gamsar da shi ba, sai ya sayi kati, kundin gwamnati ya nuna an yi wa mutum dubu alhali ɗari bakwai ne, a gina shiri a kan ƙarya.

Inda na yarda da sharaɗi babu ja shi ne ma'aikatan asibiti. Wanda aikinsa shi ne ya sunkuya a kan mai ciwon ƙoda da jariri bakwaini, nauyin da ke kansa ya wuce na mai sayar da atamfa.

Akwai kuma masu zafin kai ta ɗaya ɓangaren, masu cewa duk wanda ya ƙi allura in ya kwanta kada asibiti ta karɓe shi. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Likita ba alƙali ba ne. Ana duba mashayin taba, ana ɗinke ɗan acaɓan da ya ƙi sa hular kwano. Ranar da aka fara tambayar majinyaci laifinsa kafin a ba shi gado, babu wanda zai tsira a cikinmu.

Mai katin bogi shi ne ban samar wa uzuri ba. Wanda ya ƙi a fili ya ce ya ƙi, aƙalla mun san inda ya tsaya, za mu iya matsawa gefe. Shi wannan ya ci amanar kowa: ya yaudari ma'aikacin filin jirgi, ya yaudari dattijon da zai zauna kusa da shi awa huɗu ko biyar yana zaton an yi masa, kuma da wannan ƙaryar zai tafi ɗakin Allah. Ma'aikacin da ya buga masa hatimin, in an kama shi, kora da kotu ya kamata.

Gwamnati ma kada ta fake da cewa kowa ya kula da kansa ta naɗe hannu. Ranar da aka ɗage kulle a Yunin 2020 abin da aka gaya mana ke nan, cewa yanzu nauyi ya dawo kan kowane mutum. To amma har zuwa Disambar 2021 waɗanda aka yi wa allura cikakkiya a ƙasar nan ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma ba dukkan sauran ne suka ƙi ba. Mutumin ƙauyen Birnin Gwari ko Giwa, wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa, ma'aikacin lafiya kuma ba ya iya kai masa ziyara, ba za a lissafa shi da masu ƙi ba. Matar da ke cikin kulle a gidan miji sai an aika mata mace har tsakar gida, kamar yadda aka yi a yaƙin shan-inna. A kai allurar ƙofar masallacin Juma'a, da harabar coci, da tashar Kawo, da bakin kasuwa. A sa mai unguwa da liman da fasto su fara miƙa hannu a gaban jama'a. A amsa tambayar mutane da Hausa, ba da tsawa ba. Mun san wannan hanyar tana aiki, don da ita muka kori shan-inna.

A gidanmu ma maganar ba ta ƙare ba. Yayana har yau ya ƙi, mun yi musu har mun gaji. Amma ranar da na kai Inna aka yi mata ta biyu bai tare ƙofa ba, shi ya ma kira mai keken. Makon jiya mura ta kama shi, sai na ji shi daga tsakar gida yana gaishe ta ta taga. Ta ce, "Shigo mana." Ya ce, "A'a Inna, bari dai in warke." Kwana biyar bai taka ɗakinta ba, bai je masallaci ba, yaronsa ya riƙe masa shago. Tun 10 ga Disambar 2021 aka fara ba da allura ta uku, ta Inna kuma lokacinta ya yi, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai ta.